Yadda Ake Neman Aiki a Legas, Daga Haɗa Takardu Har Zuwa Albashin Farko

Duk mai ɗaukar ma'aikaci a Legas, daga mai shagon kayan masarufi a Agege har manajan masana'anta a Ikeja, tambaya ɗaya ce ke cin sa a rai tun kafin ya dubi ƙarfinka ko takardar karatunka: idan wani abu ya faru, wa zan riƙe, kuma a ina zan same shi? A gida ba a yin wannan tambayar, domin an san mahaifinka, an san ƙofar gidanku, mai unguwa ma ya halarci sunanka. A Ikko kuwa mutum zai damƙa maka makullin gidansa ko motarsa ko sitonsa alhali bai taɓa jin sunan garinku ba. Saboda haka yawancin wahalar neman aiki a garin nan ta shirya amsar wannan tambayar ce. Kai ma kana da taka da ya kamata ka yi wa mai ɗaukarka: idan wata ya ƙare ba a biya ni ba, wa zan riƙe? Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Tun kana gida

Kada ka hau mota sai ka san inda za ka sauka da wanda zai karɓe ka. Mutanenmu suna da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Ijora, kuma galibin wuraren nan akwai Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa da ake jin maganarsu. Amma yawan 'yan'uwa a unguwa ba ya nufin kana da wurin kwana. Ka kira wanda za ka sauka wurinsa, ka tambaye shi ba kunya: kwana nawa zai iya riƙe ka? Ka taho da guzurin da zai kai ka wata biyu aƙalla, domin ko da ka dace ka samu aiki a makon farko, sai ƙarshen wata za a biya ka, kuma kafin nan za ka ci abinci, za ka hau mota kullum.

Idan lissafinka a kan acaɓa yake, ka sake lissafi. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. A ranar 1 ga Satumbar shekarar ta ƙara da Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Babur ɗin da aka kama ana murƙushe shi ne. Matasa da yawa sun sayar da ɗan abin da suke da shi a gida sun sayi babur, ya salwanta a rana ɗaya.

Sannan ka tsayar da irin aikin da kake nema: gadi ne, tuƙi ne, aikin masana'anta ne, walda ko gini ko gyaran wuta ne, ko aikin ofis. Wanda aka tambaya me ya iya ya ce "kowane irin aiki ma zan yi", yana jin ya nuna himma, shi kuwa mai ɗauka abin da ya ji shi ne wannan bai iya komai ba.

Takardu

Lambar NIN ita ce tushe. Da ita za ka buɗe asusun banki, da ita layin wayarka zai tsira daga rufewa, kuma kusan kowane fom na ɗaukar aiki yana da gurbinta. Bayanta sai BVN da asusun banki da sunanka, ba na yayanka ko na abokinka ba. Kamfani ba ya tura albashi asusun da sunansa ya saɓa da na ma'aikaci, kuma kai ma ribarka ce, domin saƙon banki na kowane wata shaida ce cewa ka yi aiki a wurin.

A nan ne 'yan Arewa suka fi tuntuɓe, don haka ka baje takardunka a kan tabarma ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad Sani Abdullahi, sakamakon WAEC ya ce Mohammed Abdullahi Sani, lasin tuƙi ya ce Sani Mamman, banki kuma ya riƙe wata shekarar haihuwa daban. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin ma'aikaciyar da ke tantance takardu a Ilupeju kuwa mutum uku ne, kuma ba za ta kira ka ta nemi bayani ba, za ta ajiye fayil ɗinka gefe ta ɗauki na gaba. Ka zaɓi rubutun da ke kan takardar da ta fi wuyar sauyawa, galibi ta makaranta, ka daidaita sauran da ita. Gyaran NIN a wurin hukumar NIMC ake yi, da kuɗi, kuma yana cin lokaci, shi ya sa ya fi kyau a fara tun a gida. Inda bambancin ya ƙi gyaruwa, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa da ke tabbatar da cewa duk sunayen naka ne, ka riƙa haɗa kwafinta da sauran.

Da ka samu adireshi, ka yi rajistar mazauna jiha a wurin hukumar LASRRA. Ba sai kai ɗan asalin Legas ba, duk mazauni yana da damar yi, kuma katin yana nuna cewa kana da wurin zama da aka sani.

Sauran takardun sun danganta da aikin. Direba yana buƙatar lasi na gaskiya daga hukumar kiyaye haɗurra, wanda aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da kansa, ba wanda wani ya kawo masa a tasha ba. Mai tuƙin sana'a a Legas kuma ana neman ya mallaki katin cibiyar horar da direbobi ta jiha, LASDRI. Mai sana'ar hannu ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da mataki uku. Hannunka ya iya aikin, gaskiya ne, amma kamfanin gine-gine takarda yake sakawa a fayil. Wanda ya gama jami'a ko ya yi HND ya riƙe takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Wasu wuraren, musamman masu hulɗa da kuɗi ko tsaro, suna neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wadda ake cika buƙatarta ta intanet, a Legas kuma ofishinsu na Alagbon da ke Ikoyi ya shahara da ita. Kada ka kashe kuɗi a kanta sai an nema.

Ka yi kwafin komai, ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa imel ɗinka, ka wanke hoton fasfo da ɗan yawa. Takardun asali kuwa nuna su ake yi a mayar jaka. Duk wanda ya ce ka bar masa na asali ya riƙe har ka bar aiki, kada ka yarda, domin ranar da kuka saɓa da su zai ɗaure ka.

Garanto

Wannan matakin ya fi kowanne nauyi, kuma shi ne wanda baƙo ya fi rainawa. Aikin gadi, tuƙi, tsaron shago, kula da sito, rarraba kaya, riƙe na'urar POS, da wuya ka samu ɗaya daga cikinsu ba tare da mai tsaya maka ba, sau da yawa mutum biyu. Fom ɗin yakan zama shafi ɗaya ko biyu. A sama gurbin hoton mai tsayawar, sai sunansa, adireshin gidansa da na wurin aikinsa, lambar wayarsa, dangantakarku, da shekarun da ya san ka. Ana haɗawa da kwafin katin shaidarsa, wani lokaci da takardar kuɗin wuta ta gidan da yake zaune. A ƙasa kuma akwai 'yan layuka da ƙananan haruffa, su ne zuciyar takardar: yana amincewa cewa idan ka yi ɓarna ko ka gudu da dukiya, zai kawo ka ko ya biya. Kamfanonin da suka san aikinsu suna kiran waya, wasu har mutum suke turawa ya ga gidan da idonsa.

Ka ga ashe abin da kake roƙo ba ƙarami ba ne. Dattijon da ya yi shekara talatin yana tara mutunci a kasuwar Mile 12 ko a mayankar Oko-Oba, kana neman ya jingina wannan mutuncin a kanka. Idan ya yi jinkiri, kada ka ɗauka rowa ce ko rashin zumunci. Mai yiwuwa ya taɓa tsaya wa wani yaro, yaron ya ɓace, shi ya kwana a ofishin 'yan sanda.

Hanyar samun garanto tana farawa tun ranar da ka sauka. Ka sa wanda ya sauke ka ya kai ka ka gaida manyan garinku da ke unguwar. Ka riƙa salla a masallaci ɗaya har liman da ladan su san fuskarka. Idan garinku ko ƙaramar hukumarku tana da ƙungiya a Legas, ka shiga, ka biya ɗan kuɗin wata. Ka sa wani babba daga gida ya kira dattijon ya ce masa, "Wane yana nan wurinku, ɗan wane ne, amana ce." Kiran nan na minti biyu yakan yi abin da wata shida na gaisuwa bai yi ba.

Ranar da za ka kai fom, kada ka tare mutum a tsakiyar ciniki. Ka same shi bayan la'asar ko a gida, ka durƙusa ka gaishe shi, sannan ka ce: "Kawu, Allah ya sa na samu gadi a wani kamfani a Isolo, sun ce in kawo mai tsaya mini. Ga fom ɗin, ga adireshinsu da lambar wanda ya yi mini tambayoyi. In so samu ne ka sa a karanta maka shi duka, ka bincika wurin, kafin ka sa hannu." Mai wannan maganar ya riga ya nuna irin mutumin da yake. Idan ya sa hannu, ka sanar da shi ranar da za a iya kiransa, domin garanton da aka kira ya ce "wa ke nan?" ya gama da kai.

Akwai masu sayar da sa hannu a bakin wasu ofisoshi, ka biya su cika maka fom da adireshin ƙarya. Ka nisance su. Idan aka gano, aikin ya tafi, kuma zancen ya koma na zamba.

Inda ake samun aikin

Yawancin ayyukan da mutanenmu ke yi a Legas ba a tallata su. Maigadin wani gida a Lekki zai ji maƙwabcin ogansa yana neman direba, sai ya kira ɗan garinsu. Don haka ka faɗa wa mutane takamaiman abin da kake nema: "Ina da lasi, na yi shekara huɗu ina jan motar kaya tsakanin Kano da Kaduna, idan ka ji ana neman direba ka tuna da ni." Ka faɗa wa masu gadi, masu shayi, masu canji, direbobin tirela da ke Apapa, domin su ne kunnen gari.

Ga masana'antu, zuwa da kai ya fi saƙo. Suna tattare a Ikeja wajen titin Oba Akran, da Ilupeju, Isolo, Apapa, Ikorodu, da yankin Ibeju-Lekki inda matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suke. Agbara da Ota suna jihar Ogun, amma masu zama a gefen Legas suna aiki a can. Ka je da sassafe, ka tambayi masu gadin ƙofa wane kamfani ne ke ɗaukar musu leburori, domin da yawan masana'antu da bankuna ba su ɗauka kai tsaye, kamfanin kwantiragi ne ke kawo musu ma'aikata. Idan gadin kamfani kake so, ka tabbatar kamfanin yana da lasin hukumar Sibil Difens, ita ce doka ta ɗora wa kula da kamfanonin tsaro masu zaman kansu.

Mai takardar karatu ya buɗe shafi a LinkedIn, ya yi rajista a Jobberman da MyJobMag, ya riƙa duba shafukan kamfanonin da kansu. Asusun samar da aikin yi na jihar Legas, LSETF, wanda aka kafa a 2016, yana shirya horon sana'a ga mazauna jihar, kuma a irin wannan wurin ne rajistar LASRRA ke amfani.

CV ɗinka kada ya wuce shafi ɗaya idan sabon shiga ne, biyu idan ka daɗe kana aiki. Suna kamar yadda yake a takardu, lambar waya da ke shiga, imel mai ɗauke da sunanka, da unguwar da kake zaune a Legas. Wanda ya rubuta adireshin Gusau ko Azare, ana ɗauka yana can, ba za a kira shi intabiyu gobe da safe ba. Ka rubuta abin da ka yi a zahiri: shagon da ka riƙe, irin motar da ka ja, injin da ka sarrafa. Kuma kada ka manta da Hausa. Kamfanonin waya da bankuna suna buƙatar masu amsa kiran abokan hulɗa da Hausa, masu sayar da kayan masarufi suna buƙatar wanda zai shiga Mile 12 ya yi ciniki da harshen 'yan kasuwar. Ka rubuta cewa kana ji, kana karantawa, kana rubutawa. Idan kana jin Fulatanci ko Barbarci ko Larabci, ka ƙara.

Masu damfara

Saƙo zai shigo wayarka: an zaɓe ka, ka zo intabiyu gobe da ƙarfe takwas a bene kaza, ka taho da CV da hoto biyu. Babu sunan kamfani, babu sunan muƙamin, kai kuma ba ka tuna ka nemi aiki a wurin ba. Idan ka je za ka tarar da ɗaki cike da matasa, wani mai kwat yana lacca a kan yadda ake zama miloniya, daga ƙarshe a ce ka biya kuɗin rajista, ka sayi kayan da za ka tallata, ka kawo mutum uku. Wannan mai sauƙin ke nan. Akwai wanda ake kira wurin da babu kowa a ƙwace masa waya, ko abin ya fi haka muni.

Ƙa'idar ɗaya ce: mai ɗaukar aiki shi ke biyan ka, ba kai ke biyan sa ba. Kuɗin fom, kuɗin horo, kuɗin "ajiye maka gurbi" a Kwastan ko NNPC ko tashar jirgin ruwa, duk tarko ne. Hukumomin gwamnati suna sanar da ɗaukar aiki a shafukansu, kuma cika fom ɗinsu kyauta ne. Kafin ka je ko'ina, ka nemi cikakken sunan kamfanin, ka duba shi a shafin binciken hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka duba adireshin a taswirar waya. Ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa. 'Yar'uwa, ke kam kada ki je intabiyu a otal ko gidan wani ko kuma da yamma, kuma in da hali ki tafi da rakiya.

Ejan na gaskiya akwai su, musamman a harkar direbobi da masu gadi da masu aikin gida, kuma doka ta ce su mallaki lasin Ma'aikatar Ƙwadago. Da yawansu suna karɓar wani kaso daga albashin farko. Ku yi magana a kan kason tun farko, a gaban shaida, kuma biyan ya kasance bayan ka kama aiki an biya ka. Iyaye kuma su ji tsoron Allah game da ƙananan yara mata da ake kwasowa daga ƙauye a raba su gidaje aikatau. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, kuma ko babu doka, yarinyar da ba ta san hanyar tasha ba ba ta da wanda za ta kai wa kuka.

Ranar intabiyu

Cunkoson Legas ba uzuri ba ne a wurin wanda shi ma ta cikinsa ya biyo. Idan ba ka san wurin ba, ka je ka gano shi kwana ɗaya kafin ranar. Ka mallaki katin Cowry, da shi ake hawa BRT da jiragen ƙasa na jiha. Mazaunin Agege yana da jirgin da ke bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, akwai kuma wanda ke tsakanin Mile 2 da Marina. Ka isa da rabin awa a hannu.

Kaftani mai tsabta da guga ba ya hana aiki a yawancin wurare. Inda ka san suna da tsarin shiga irin na banki, ka sa riga da wando da takalmi rufaffe. Ka kashe ƙarar waya. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban babba ce, amma a nan idan ka ƙi kallon mai tambaya yana iya ɗauka kana ɓoye wani abu, don haka ka ɗaga kai ka yi magana a ji. Idan Turancinka bai nuna ba, buroka ta wadatar a ayyuka da dama, kuma gaisuwar Yarbanci ko ta safe ce kawai tana sassauta fuska. Abin da ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba amma za ka koya. Direban da ya ce ya san gari alhali bai san hanyar gadar Third Mainland ba, a fitar farko asirinsa zai tonu.

Abu biyu ne nake roƙon kowane ɗan'uwa ya faɗa tun a teburin nan, kada ya bari sai ya kama aiki. Na farko salla. Ka ce, "Oga, ni Musulmi ne, ina salla a kan lokaci, ba ta wuce minti goma, ranar Juma'a kuma ina neman awa ɗaya da rabi da rana, zan rama ta da yamma." Legas cike take da Musulmi, maganar ba baƙuwa ba ce, kuma wanda zai ƙi gara ya ƙi yau. Haka mai hijabi ta tambayi tsarin yunifom tun yanzu. Na biyu tafiya gida. Babban ƙorafin da ake yi da mu shi ne, Salla na matsowa ko damina na sauka sai a wayi gari ba a ga mutum ba, waya a kashe. Wannan ɗabi'ar ta rufe wa na baya ƙofofi da yawa. Ka faɗi gaskiya: sau nawa kake zuwa gida a shekara, kwana nawa kake yi, kuma za ka sanar da wuri, in an yarda ka kawo amintaccen da zai riƙe maka.

Maganar albashi da takardar kama aiki

Kafin ka ce ka amince, ka yi lissafin mota. A ce an yi maka tayin naira 100,000 a Victoria Island, kana kwana a Agege, zuwa da dawowa na cin 2,500 kullum, kwana 26 a wata. Naira 65,000 ta tafi a hanya, ban da awannin da za ka kashe a cunkoso. Aikin 75,000 da za ka taka da ƙafa, ko wanda ya haɗa da wurin kwana da abincin rana, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka tambayi abin da zai shigo asusunka bayan an cire haraji da fansho, ranar da ake biya, awa nawa ne aikin, ranar hutu, da yadda ake lissafin ƙarin lokaci.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, gwamnatin Legas kuma ta sanar da 85,000 ga nata ma'aikatan a Oktoban shekarar. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka maigadin gida da yaron shago cinikinsu ne ke tsayar musu da farashi.

Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗa kafin wata uku su cika da fara aiki. Ka nemi takardar, ka karanta, ko ka kai wa wanda ka yarda da shi ya karanta maka kafin ka sa hannu. Ka duba sunan da ke samanta, domin idan na kamfanin kwantiragi ne, shi ne ubangidanka a idon doka, ba masana'antar da kake shiga kullum ba. Dokar ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Ta kuma tsara wa'adin sanarwa kafin rabuwa, ko daga gare ka ko daga gare su: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya idan bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar. Takardarka tana iya tsawaita wa'adin. A kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, kai kuma a cire maka kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunanka. Ka riƙa duba ko kuɗin na shiga, domin akwai masu cirewa su riƙe. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi kamfanin fanshonsa game da asusu na shida, wanda aka tsara bisa ƙa'idar Shari'a.

Inda aikin na gida ne ko na ƙaramin shago, ba za a buga maka takarda mai tambari ba. Duk da haka ku rubuta a farar takarda: albashi, ranar biya, aikin da aka ɗauke ka dominsa, ranar hutu, ku sa hannu da shaida ɗaya ɗaya. Idan oga ya ga abin ya yi masa nauyi, ka tura masa sharuɗɗan ta WhatsApp ka roƙe shi ya amsa da "na yarda". Rubuta aikin yana da muhimmanci, domin wanda aka ɗauka gadi yakan wayi gari shi ne mai wankin mota uku, mai ban ruwan fulawa, mai zuwa kasuwa, a kan albashi ɗaya. Kuma kada ka yarda da "bari in riƙa tara maka har ka tashi tafiya". Ka karɓi kuɗinka duk wata ta banki, ka yi ajiyarka da kanka.

Bayan ka kama

Watannin farko na gwaji ne, ana kallon lokacin zuwanka da hannunka. Duk abin da aka damƙa maka, kaya ne a sito ko mota ko kuɗin ciniki, ku ƙirga tare ranar karɓa, a rubuta, ka ɗauki hoto. Motar da ke da tsohon rauni a gefe, ka nuna shi tun ranar farko. Kada ka mayar da ɗakin gadi masaukin 'yan garinku, komai nauyin da kake ji, domin idan allura ta ɓace a gidan kai da garantonka za a nema. Da albashin farko ya shigo, ka je ka gaida wanda ya tsaya maka, ka sanar da shi halin da ake ciki. Ranar da za ka bar aiki kuma ka ba da sanarwa, ka miƙa kaya a rubuce, ka nemi 'yar takardar shaida cewa ka yi aiki daga lokaci kaza zuwa kaza kun rabu lafiya, sannan ka gaya wa garantonka cewa nauyin ya sauka daga kansa.

Idan aka riƙe maka albashi, kada ka ɗauki kayan oga ka ce ka fanshe haƙƙinka, domin nan take mai bin bashi ke komawa ɓarawo. Ka fara da magana cikin ladabi, sannan saƙo a rubuce mai ɗauke da watannin da adadin kuɗin. Idan bai yi ba, ka sa garantonka ko Sarkin Hausawan unguwa ya shiga tsakani. Idan nan ma ya ci tura, Ma'aikatar Shari'a ta jihar Legas tana da cibiyar sasanta 'yan ƙasa mai rassa a sassan jihar, tana sauraron rikicin ma'aikaci da ubangidansa kyauta, tana kuma gayyatar ɗaya ɓangaren a zauna. Akwai ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi, sannan kotun ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a Ikoyi. Duk inda za ka je cikinsu, ka tafi da takardar kama aiki ko saƙon WhatsApp ɗin nan, da bayanan banki na watannin da aka biya ka, da katin shaidar wurin aiki in kana da shi, da lambar wayar shaidarka.